Ranar da Gidanmu Ya Koma Kore

Ku da kuka cika min akwatin saƙo da cewa na yi dacen miji, ku gyara zama. Wata har cewa ta yi in ba na so in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, karanta wannan tukuna. In kin kai ƙarshe kina kan bakanki, sai mu yi magana.

Ga waɗanda yau suka fara bina: ni ce auta a gidanmu, kuma tela ce ni a masana'antar da ke ɗinka kakin ma'aikatan Hukumar Launi. Hukumar nan ce ta raba mu gida uku, kowa da fitilar da ke ci a goshin wayarsa. Mai kore ya shiga duk inda ya ga dama. Mai rawaya ya tsaya a ƙarshen layi, a asibiti, a tasha, har wurin biyan kuɗin wuta. Mai ja kuwa, ko gaisuwarsa ka amsa da fara'a sai ka ga taka fitilar ta fara dusashewa.

Gidanmu kore ne shar tun ina rarrafe. Baba direban bas ne har ya yi ritaya, bai taɓa tsallake danja ba. Mama ko atishawa za ta yi sai ta saci kallon wayarta. Sai Yaya ta jawo mana.

Haka Mama ke faɗa, wai ta jawo mana. Ga abin da ta yi. Yaya ungozoma ce a babban asibiti. Wata safiya ta tashi daga aiki ta tarar da wata mata mai jar fitila tana naƙuda a bakin get, masu gadi sun hana ta shiga, mutane na kewaye ta kamar ruwan kwata. Yaya ta yaye mayafinta ta shimfiɗa, ta durƙusa ta karɓi haihuwar nan kan kwalta. Jaririyar ta rayu. Kafin Yaya ta wanke hannunta wayarta ta koma ja. Aka sallame ta daga aiki. Wanda zai aure ta ya turo ƙanwarsa ta karɓi agogon da ya ba ta. Mu kuma duk gidan muka wayi gari rawaya.

Da a ce lafiyar Baba ƙalau, da rawayar ba ta dame mu haka ba. Wankin ƙoda ake yi masa. Da can yana zuwa ake kwantar da shi, yanzu sai ya wuni kan benci, la'asar na yi a ce masa injin ya yi zafi, ya dawo gobe. Ƙafafunsa sun kumbura har sai da na farke masa silifas na ƙara maɗauri.

A cikin wannan hali na haɗu da Dogon Hannu. Ba ɓarawo ba ne, kada ku yi min dariya. Hannunsa ne ya fi na kowa tsawo, duk rigar da aka ba shi sai ta tsaya masa a tsakiyar damtse kamar ta aro. Aka turo shi wurina in ƙara masa, na auna na sake aunawa ina danne dariya, ya ce, “Tela, ki yi dariyarki, ba zan kai ƙara ba.” Daga nan kullum sai maɓallinsa ya cire. Sai daga baya ya faɗa min da reza yake yanke su.

Ina son sa. Ku riƙe wannan, don kada wata ta zo tana ce min dole aka yi min. Ba wanda ya yi min dole. Mutum ne mai sanyin murya, mai ƙamshin sabulu da guga, wanda in kina magana yake ajiye waya ya kalle ki. Ma'aikaci ne a ofishin Hukumar, kore tun daga kakanni, kuma ya san gidanmu rawaya ne bai fasa ba.

Da ya shigar da takardar neman izinin aurenmu, sai saƙo ya faɗo cikin wayoyinmu mu uku, ni da Mama da Baba. Hoton Yaya ne, wanda ta ɗauka ranar da ta gama makaranta, da farar hularta a karkace. A ƙasa an rubuta: “Kina da alaƙa da wannan mutumiyar?” Sai akwati biyu, EH da A'A. Kore ba ya auren rawaya. In duk gida suka danna A'A, za a cire Yaya daga cikinmu a kai ta Bayan Katanga, inda ake tara masu ja, mu kuma mu koma kore. Wanda aka kai can ba ya kiran waya, ba a kuma kai masa ziyara.

Mama a tsaye ta danna, da ludayi a ɗaya hannun. Baba ya shige banɗaki da wayarsa, ya daɗe, ya fito idonsa jawur bai kalli kowa ba. Saura ni.

Shekaranjiya da safe ina ɗaura ɗankwali gaban madubin falo, Mama ta ajiye min kofin shayi da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Auta, atamfar nan ta karɓe ki. Shi ya saya miki?”

“Ni na saya, Mama.”

“To madalla.” Ta gyara min wuyan riga, yatsunta sanyi ƙalau. “Jiya ma haka mahaifinki ya dawo ba a taɓa shi ba. Kin ji numfashinsa da asuba?”

“Na ji.”

“Kin ji, amma yatsan naki ya fi ƙarfin ki ɗaga shi?”

“Mama, Yaya ce fa.”

“Ni na haife ta, ba sai kin gabatar min da ita ba!” Ta yi saurin sauke murya, ta waiga ta dubi wayarta da ke kan tebur. “Kina tsammani ba ni da zuciya? Wata tara na ɗauke ta. Amma ita da ta durƙusa a titi tana gwanintar jinƙai, ta tuna da ubanta? 'Yar wasu ta ceta, ta zo ta shaƙe mu. Ke kuma Allah ya kawo miki mutum har gida kina yi masa yanga.”

Na mayar da idona kan madubi. In na buɗe baki kuka ne zai fito, kuma na riga na sa kwalli.

Kafin in fita na zagaya bayan kicin. Tun da abin ya faru Yaya ta koma ɗakin ajiya, tsakanin buhun gawayi da tsohuwar keken ɗinkina, don kada wayarta ta kusanci namu. Na same ta zaune kan katifa tana yanke wa kanta farce. Ta rame, rigar barcinta mai ɗigon shuɗi ta zama kamar an rataya a ƙusa. Amma bakin nan nata yana nan.

“Amarya, wannan kwalliya haka, ko yau ma maɓallin ya cire?”

“Yaya, bar wasa.”

“To me zan yi? In yi kuka gawayi ya jiƙe?” Ta karkaɗe zaninta. “Kawo wayar in danna miki, tunda ke ragguwa ce.”

“Sai da fuskata take buɗewa.”

“To kalle ta, ni in danna. Mu raba zunubin.”

“Wallahi ba zan danna ba.”

Ta daina murmushi. “Na leƙa ƙafar Baba jiya yana barci. Na danna yatsa, ramin bai taso ba. Aikina ne, Auta, na san abin da nake gani. Ba shi da lokacin da za ki tsaya kina gwada taurin kai.”

“Kin yi nadama?” na tambaye ta. Ban taɓa tambaya ba sai ranar.

Ta kalli hannunta. “Kan yarinyar ya riga ya fito. Me kike so in yi, in mayar da shi?”

A bas, a kujerun baya na 'yan rawaya inda tagar ba ta buɗuwa, saƙon Dogon Hannu ya shigo.

“Telata, kin tashi lafiya? Ya jikin Baba?”

“Da sauƙi. Ina son ganinka yau.”

“Umarni ne ko roƙo?”

“Umarni.”

“An gama, ranki ya daɗe.”

Ya zo lokacin hutun rana. Gidan shayin da ke kallon masana'antarmu ba ya karɓar rawaya, don haka ya shiga ya sayo mana, muka zauna cikin motarsa a inuwar bango. Rigar da ke jikinsa ni na ɗinka, har da ɗan zaren da na ɓoye a cikin kwala. Ya bare min biskit ya miƙo min, ya kashe wayarsa ya jefa a aljihun mota. Na kashe tawa.

“A ofishinku kake,” na ce. “Ka san mutane. Ba wata hanya? A mayar da ita rawaya ko da na wata ɗaya ne, a yi wa Baba wankin, mu kuma mu jira.”

“Da akwai da ban bari kin tambaya ba.”

“Haihuwa fa ta karɓa. Ba kisa ta yi ba.”

“Na sani. Yayarki mutuniyar kirki ce.” Ya faɗa da gaske, ba da gatse ba. “Amma doka ba ta auna kirki, Tela. Da kowa zai zaɓi dokar da zai bi, da garin nan ya koma yadda iyayenmu ke ba da labari.”

“Kai da za a turo maka hoton ɗan'uwanka, za ka danna?”

Na yi tambayar ne don in ƙure shi. Na zaci zai yi shiru, ko ya ce Allah ya kiyaye. Sai ya kurɓi shayinsa ya ajiye kofin a hankali.

“An turo. Na danna.”

“Wane ɗan'uwa? Ba kai kaɗai ba ne wurin Hajiya?”

“Yanzu ni kaɗai ne. Ina da ƙane. Gado ɗaya muke kwana har na fara aiki. Ya shiga cikin 'yan makarantar da suka rufe fitilun wayarsu da baƙin tef. An ba shi dama ya faɗi sunan sauran, ya ƙi.” Ya juyo ya kalle ni da idanun nan masu taushi da suka hana ni barci watanni. “Ba zan yi miki ƙarya ba, satin farko da wuya. Abinci ba ya wucewa. Amma yana wucewa, Tela, wallahi yana wucewa. Wata rana za ki farka ki ga har rana ta take ba ki tuna ba. Kuma ina nan, ba ke kaɗai za ki ɗauka ba.”

Jama'a, da tsawa ya yi min da na ji sauƙi. Da ya ce in ban danna ba ya fasa, da na san abin da zan yi da shi. Amma lallashi na yake yi. Yana shafa bayan hannuna da babban yatsansa, ni kuma ina kallon yatsan ina cewa a raina, da wannan ya danna.

“Yana raye?” na ce.

“Ba a tambaya.”

Na buɗe ƙofa na fita, biskit ɗin na hannuna. Ranar sau biyu allura ta huda min yatsa, shugabar layinmu ta ce in na ɓata mata kaki da jini zan gane kurena.

Da yamma na tarar da Baba a bakin ƙofa, mai adaidaita da maƙwabcinmu sun riƙo shi. Yau ma ba a yi ba. Fuskarsa ta kumbura har idanunsa sun shige. Muka kwantar da shi a doguwar kujera, Mama na yi masa fifita da murfin tukunya tana kallona. Da ta zage ni ma ya fi.

Baba ya yafito ni. Na durƙusa.

“Auta,” ya ce, yana numfashi tsakanin kalma da kalma, “kada ki danna don ni. Ni na danna, kuma tun ranar ban iya kallon ƙofar kicin ba. Ko mutum ɗaya ya rage mata a gidan nan.”

“Malam!” in ji Mama. “Wace irin magana ce wannan? So kake ka mutu ka bar ni da wa?”

Na ɗaga kai na hango Yaya tsaye a bakin kicin, iya inda take tsayawa ke nan. Ta ji komai. Ta juya ta koma.

Jiya da safe muna zaune a tebur, Mama na shafa wa burodi bota, ni ina juya shayin da ba zan sha ba. Sai wayoyin suka yi ƙara lokaci ɗaya. Ƙara mai daɗi, irin ta buɗe ƙofar banki. Na duba. Kore. Tawa kore, ta Mama kore, ta Baba da ke kan hannun kujera kore shar.

“Alhamdulillahi!” Mama ta faɗa kafin ta san ta faɗa. Ta kamo hannuna. “Allah ya yi miki albarka, Auta, Allah ya...”

“Ban danna ba, Mama.”

Wuƙar ta faɗi daga hannunta.

Na ruga ɗakin ajiya. An naɗe katifa an jingine. An share ƙasa, an lulluɓe keken ɗinkina da zaninta don ƙura. Buroshinta babu, takalminta na aiki babu. Mai ja yana iya kai kansa Bayan Katanga, in ya kai kansa ba a buƙatar yatsan kowa. Duk mun san wannan. Ba wanda ya taɓa faɗa da baki a gidanmu, amma duk mun sani.

Da silifas ɗin wanka na fita. Bas ya tsaya, na nufi ƙofar baya yadda na saba, kwandasta ya ga fitilata ya ce, “Haba Hajiya, gaba za ki shiga.” Har da goge min kujera. Na zauna a gaba iska na kaɗa ni.

Ban taɓa zuwa bakin Katanga ba. Fili ne fetal da rumfar kwano, da dogon layin fenti a ƙasa da aka rubuta wa masu rakiya su tsaya nan. Ba mai rakiya ko ɗaya sai ni. A can gaba mutane na tsaye da ƙullin kaya, tsoho da sanda, wasu samari, mace da goyo. Yaya na cikinsu da jakarta ta asibiti, ta sa farin takalminta, ta ɗaura ɗankwalina mai ruwan toka da na daɗe ina nema. Har ta fara duba idon jaririn matar nan.

“Yaya!”

Ta juyo. Ta ɗaga min hannu alamar in tsaya inda nake. Ta matso iya inda soja ya bari, tsakaninmu kamar faɗin titi.

“Ke da silifas ɗin wanka? Kin kunyata ni a gaban sababbin maƙwabtana.”

“Ki dawo, don Allah ki dawo, ban danna ba!”

“Na sani. Shi ya sa na sace miki ɗankwali maimakon in tsine miki.” Ta gyara ɗaurin ɗankwalin. “Ki kai Baba asibiti yau, ba gobe ba. Ki ce su duba hawan jininsa kafin su ɗora shi. Kada ya sha ruwa da yawa ko ya roƙe ki. Kin ji?”

Na ɗaga ƙafa zan tsallake fentin. Wayata ta fara rawa a hannuna, koren na kyaftawa.

“Auta, in kika taka layin nan na tashi a banza. Ki mayar da ƙafarki.”

Na mayar. Ku rubuta duk abin da za ku rubuta a ƙasa, na mayar.

Mota ta tsaya a bayana. Ko ban juya ba na san ƙamshin. Dogon Hannu ne, Mama ce ta kira shi. Ya fito ya tsaya gefena, ya ɗan rusuna wa Yaya daga nesa, irin gaisuwar suruki. Yaya ta dube shi tun daga hula har takalmi.

“Kai ne mai maɓallin?”

“Ni ne, Yaya.”

“Tana tsoron tsawa, kuma ba ta iya barci da yunwa. Ka kula.” Ta dube ni. “Shiga mota.”

Aka buɗe ƙaramar ƙofar ƙarfe, layin ya fara tafiya. Ta karɓi jaririn daga hannun uwarsa don matar ta iya ɗaukar kayanta. Haka ta shiga, da ɗan wasu a kafaɗa, ba ta waigo ba.

Na shiga motar. Ya miƙo min hankici, ya rage sanyin na'ura, ya ja a hankali. Wayarsa na maƙale a gaban sitiyari, a kunne, don lokacin aiki ne. Ya ce ya riga ya yi magana da asibiti, gado na jiran Baba. Ya ce izininmu zai fito kafin ƙarshen mako. Ya ce in yi kukana, ba komai, haka shi ma ya yi. Muka wuce shaguna, muka wuce makaranta, yara na layi da fararen safa. Da ya ga na yi shiru sai ya ɗauka na huce.

“Gidan da aka ba mu tagoginsa manya ne,” ya ce da muryar rarrashi. “Ke ce tela. Wane launin labule kike so?”

“Ja,” na ce.

Ya yi 'yar dariya. “Tela...”

“Ja nake so. Labule ja, zanin gado ja. Kuma yayata ce. Uwa ɗaya uba ɗaya. Duk wanda ya tambaye ni, amsata eh.”

Wayarsa ta yi ƙara, ba irin ta safe ba. Allon ya haska, hotona ya fito, wanda ya ɗauke ni ina dariya da tef ɗin awo a wuya. Daga inda nake ina iya karanta rubutun: “An ji kalaman da suka saɓa doka a kusa da kai. Kana da alaƙa da wannan mutumiyar?”

Ya gangara gefen titi ya taka birki. Bai kalle ni ba. Ya cire hularsa ya ɗora a cinya, zufa na tsattsafowa a goshinsa duk da sanyin motar. Can asibiti gado na jiran Baba, kuma da koren gidanmu aka ba shi.

“Me ya sa kika yi min haka?” ya ce a hankali.

Na naɗe hankicinsa na ajiye masa a kan gwiwa, na gyara zama, na zuba wa hannunsa ido. Hannun rigar ya kai masa daidai wuyan hannu, aikina ne, ba inda ya tattare. Ya ɗaga shi daga kan sitiyari ya nufi allon.